A Daina Ɗora Hannun Yaranmu a Kan Masu Zazzaɓi

Zuwa ga Rabaran, makiyayin ikkilisiyarmu,
da Majalisar Dattawa,
da kwamitin gidan renon yara na majami'a,
Kafanchan.

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya hidima, yaya iyali, yaya damina? Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi da hikima a kan aikin da ya danƙa a hannunku, amin.

Sunana Rifkatu, amma a majami'a an fi sanina da Maman Didam. Ni ce malamar firamaren nan da ke zama a layin baya kusa da ƙofa, don in samu saurin fita idan yaro ya fara rigima. Maigidana, Bulus, yana aikin malamin gona a Kauru, sai ƙarshen wata muke ganinsa, wani lokaci ma watan ya wuce bai samu zuwa ba. Ɗanmu ɗaya ne, Didam, yana cikin shekararsa ta uku, kuma yana da sikila. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, domin kun sha sa shi a addu'a daga kan bagadi.

Ban taso ina rubuta wa manya wasiƙa a bainar jama'a ba, kuma Allah ya sani da kunya nake yin wannan. Na liƙa ta a allon sanarwa, na kuma tura wa iyayen yaran gidan reno ta waya, saboda na bi ƙofofin da na sani a asirce ban samu amsa ba. Idan akwai kalmar da ta yi kaifi a ciki, ku gafarta mini. Uwa ce ke magana, kuma uwar ta gaji.

Na farko, godiya.

Gidan renon nan ya rufa mini asiri, ba zan ɓoye ba. Lokacin da hutun haihuwata ya ƙare ba ni da wanda zan bar wa jariri, sai zumuntar mata suka buɗe mini hannu. Mama Saratu, wadda ke kula da wurin, ta goya Didam a bayanta fiye da yadda wasu dangin ubansa suka taɓa ɗaukarsa. Ita ta koya masa cin tuwo da hannunsa, a bakinta ya koyi waƙar farko da ya iya. Duk wanda ya karanta wasiƙar nan ya je ya ce Maman Didam ta zagi Mama Saratu, ya yi mini ƙarya. Ba da ita nake ba, da abin da ake yi a ɗakin nan kowace safiya nake.

Na biyu, abin da ake yi.

Wataƙila wasu dattawa ba su taɓa leƙa ɗakin da safe ba, saboda haka bari in faɗa dalla-dalla. Bayan yara sun taru ana yin sujadar safe, waƙa da ɗan karatu. Daga nan sai a tambaya ko akwai mara lafiya. Idan akwai, sai a zaunar da shi a tsakiyar tabarma, sauran yara su kewaye shi, kowa ya ɗora masa hannu. Wani a ka, wani a kumatu, wani a ƙirji, wanda bai samu wuri ba ya kama hanci ko kunne, yara ne. Mama Saratu tana faɗin addu'a suna maimaitawa. Da an ce amin, sai kowane yaro ya rungume mara lafiyar ya ce masa Yesu ya warkar da kai. Ana gamawa sai a kawo kunu da ƙosai, hannun da ya taɓa majina yanzun nan shi ne zai shiga baki.

Na san yadda abin ya fara, domin ina cikin majami'a ranar da aka ba da shaidar. Wata yarinya ce zazzaɓi ya sa ta jijjiga a ɗakin, Mama Saratu ta rasa abin yi kafin a samo keke napep, ta tara yara suka yi addu'a, yarinyar ta farfaɗo. Mun yi tafi, mun yi guɗa, ni ma na tashi na taka rawa. Amma daga wannan shaidar magana ta bazu cewa addu'ar yaran gidan renonmu ba ta faɗuwa ƙasa, wai hannunsu bai san zunubi ba. Yanzu uwar da ɗanta ya kwana da tari, maimakon ta bar shi a gida ya huta, sai ta yi sammakon kawo shi don kada addu'a ta wuce shi. Har matan da ba 'yan ikkilisiyarmu ba suna zuwa da nasu. Na ga mace ta sauko daga mashin tun daga Kagoro da yaro a goye, idonsa ja, jikinsa kamar an ciro shi daga murhu. Aka kwance shi aka ajiye a tsakiyar yaranmu. Wurin da muka buɗe don renon masu lafiya ya zama inda ake tara marasa lafiyar gari, sai dai babu likita, babu ma sabulu a bakin ƙofa.

Na uku, abin da likita ya gaya mini.

Tun Didam yana rarrafe muke zaryar asibiti. Mura ta tafi, gudawa ta zo, gudawa ta lafa, ciwon ido ya zagaye ɗakin gaba ɗaya. Na tambayi likitan da ke duba masu sikila ko ni ce ban iya reno ba. Ya ce in kwantar da hankalina, duk yaron da ya shiga cikin taron yara sai ya yi ta kwasar ƙananan cututtuka, musamman a shekararsa ta farko a wurin, saboda ƙananan yara komai a baki suke sawa, kuma ba su san juya fuska idan za su yi tari ba. Ya ce ga yawancin yara abin yana raguwa da kansa yayin da jiki ke koyon kare kansa. Ban ƙi wannan ba, na gani da idona. Yaran da suka shiga tare da Didam yanzu ga su nan ɓul-ɓul, mura ta kama su yau, jibi suna tsalle a kan benci.

Amma ya ce Didam ba ya cikin yawancin yara. Jikin mai sikila ba ya iya faɗa da ƙwayar cuta kamar na sauran, abin da zai tsaya wa wani a hanci shi sai ya gangara masa ƙirji, zazzaɓi kaɗan sai jininsa ya faɗi. Ya ce ba zai hana ni kai shi cikin yara ba tunda ba ni da yadda zan yi, amma a nisanta shi da duk mai zazzaɓi da tari, a kuma riƙa wanke hannu. Da na kwatanta masa yadda ake sujadar safe, sai ya ajiye biro ya dube ni. Shi ma mai bi ne, dattijo ne a tasu ikkilisiyar. Bai ce komai a kan addu'a ba, ya dai tambaye ni ko ba wani wurin da zan kai yaron.

Na huɗu, ƙofofin da na ƙwanƙwasa.

Na fara da Mama Saratu, na same ta ita kaɗai tana shanya zanen gado. Ta saurare ni har na gama, sannan ta dafa ni ta ce, "Maman Didam, wanene yana ba da ciwo, wanene yana ɗauke ciwo? Ba Ubangiji ba? Hannu na yara ba ya kawo mugun abu." Na ce Mama, na yarda da Ubangiji, majina ce ban yarda da ita ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce to shi ke nan, za ta riƙa zaunar da Didam a gefe lokacin addu'a.

Ta cika alkawari, amma ku yi tunanin yaro ɗan wannan shekaru an ce ya zauna a kan kujera yana kallon abokansa suna rungumar juna. Kuka ya riƙa yi har muryarsa ta dushe. Da ya dawo gida sai ya tambaye ni ko shi Yesu ba ya jin nasa ne. Kuma zaman gefen bai tsinana komai ba, domin hannuwan da suka taɓa mara lafiya su ne za su zo su karɓi motar wasansa, su gutsuri ƙosansa, su kwanta tare da shi a katifa ɗaya da rana. Ba a daɗe ba maganar ta isa kunnen mata, aka fara cewa ɗan Malama ya fi ƙarfin addu'ar talakawa.

Na kawo maganar a taron zumuntar mata. Ban kai ƙarshe ba wata uwa ta ɗaga waƙa, aka amsa, aka ce in durƙusa. Suka kewaye ni suka yi mini addu'a Ubangiji ya ƙara mini bangaskiya, ya cire mini ruhun tsoro da boko ya sa mini. Na ce amin tare da su, me zan ce? Na tashi gwiwata duk ƙura, maganata kuma ko a rahoton taro ba ta shiga ba.

Na samu ɗaya daga cikin dattawa bayan sujada, ya ce magana ce mai nauyi, za a duba ta a zaman majalisa. Aka haƙe citta, aka yi Kirsimeti, aka yi Ista, aka sake shuka, ban ji komai ba. Na zo ofishinka, Rabaran, aka ce ka tafi taron gunduma. Na sake zuwa na tarar kana sulhunta wasu ma'aurata, ka leƙo ka ce mini kana sane, in ci gaba da addu'a. Ina yi, Baba. Ban taɓa dainawa ba.

Na biyar, abin da ya faru a daminar nan.

Da ruwa ya zauna sosai, wani tari ya shiga gidan reno. An kawo wani yaro daga waje, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, aka yi masa yadda aka saba. Ba zan rantse cewa daga wurinsa ne ba, ban ga ƙwayar cuta da idona ba, kuma ba na riƙe uwarsa a zuciya, ita ma neman lafiyar ɗanta ta fito. Abin da na sani shi ne kafin mako ya zagayo rabin ɗakin suna tari. Sauran yaran sun sha magani sun miƙe. Didam kuwa ina cikin aji ina koyar da lissafi aka kira ni a waya, aka ce in zo yanzu. Na tarar da shi kwance a cinyar Mama Saratu, numfashi sama-sama, haƙarƙarinsa na shiga na fita, leɓensa fari fat. Ita kanta kuka take yi.

A asibiti suka ce namoniya ce, wato ciwon huhu, kuma jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Aka sa masa robar iska a hanci, aka ce a nemo jini da gaggawa. Babansa yana Kauru, ruwa ya ɓata hanya, motar da ya shiga ta maƙale a laka. Wani ɗan'uwa daga ƙungiyar matasan ikkilisiyar nan ne ya bar shagonsa a buɗe ya zo ya ba da jininsa, ko ruwan lemo bai yarda na saya masa ba. Zumuntar mata sun yi ta kawo abinci har na riƙa raba wa maƙwabtan gado. Kun gani ke nan, mutanen da suka ceci ɗana su ne mutanen da nake kuka da su. Shi ya sa na kasa yin fushi yadda ya kamata, kuma rashin fushin ya fi ci mini rai.

Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. Ina zaune ina kallon ƙirjin yaro, idan ya ɗaga in ce na gode, idan ya yi jinkiri zuciyata ta tsaya. Ranar da za a sallame mu likita ya kira ni gefe, ya ce wannan karon mun yi sa'a, kuma huhun yaro ba ya son a riƙa maimaita masa irin wannan. Na fahimci abin da yake nufi.

A ranar ce kuma wata 'yar'uwa cikin masu zuwa dubiya, da zuciya ɗaya, ta ce mini, "Kin gani ko? Da kin bar shi yana shiga addu'a da wannan bai same shi ba. Idan ya fita ki kawo shi a sa shi a tsakiya." Na ce mata na gode.

Na shida, abin da ya rage mini.

Za ku ce in cire shi mana, ai ba dole. Na yi wannan tunanin har kaina ya yi ciwo. Gidajen reno masu zaman kansu da ke cikin gari sun fi ƙarfin albashin malamar firamare, kuma da na leƙa ɗaya na tarar yaran sun fi namu cunkoso. In tafi da shi makaranta, an hana mu zuwa aji da yara, ko da ma an bari, ajina cike yake da masu tari. In ajiye aiki, to da me za a sayi maganin da yake sha kullum? Shugabar makarantarmu ta yi mini haƙuri iyakar haƙuri, ta rufa mini asiri a gaban masu duba makarantu, amma ta gaya mini gaskiya cewa ranar Litinin dole a gan ni a aji.

Saura hanya ɗaya. Mahaifiyata ta zo daga ƙauyenmu da ke bayan Nok, ta ce in ba ta shi. A can babu taron yara, daga ita sai awakinta da gonar citta, iska mai kyau, ba mai yi masa tari a fuska. Amma daga gidanmu zuwa bakin titi tafiya ce ta ƙafa, sai an yi sa'a a samu mashin, idan rafi ya cika kuwa sai a jira ya janye. Babu inda ake ƙarin jini kusa. A nan cuta tana kusa, asibiti yana kusa. A can cuta tana nesa, asibiti ma haka. Na juya abin ta kowace fuska, ban ga wanda zan zaɓa in yi barci ba.

Roƙona.

Ban ce a daina addu'a ba, Allah ya kiyaye bakina daga faɗin haka. Ina roƙo ne a raba addu'a da taɓawa. A ambaci sunan mara lafiya, yara su ɗaga hannuwansu sama su yi masa addu'a yana gidansu a kwance, ai Ubangiji ya san hanyar gidan.

Ina roƙo a sanar daga bagadi, da bakinka Rabaran, cewa yaro mai zazzaɓi ko tari ko gudawa ya zauna a gida har ya warke. Idan daga bakin Mama Saratu ya fito za a ce ta ja da baya, idan daga nawa ne an riga an sa mini sunan mai ƙarancin bangaskiya. Kai kaɗai za ka faɗa, matan su ji ba tare da sun ga an taɓa bangaskiyarsu ba. Iyayen da ke kawo marasa lafiya daga waje kuma a karɓe su a ofishinka, dattawa su ɗora musu hannu, manya ne, jikinsu zai ɗauka, daga nan a nuna musu hanyar asibiti.

Sai bokiti da sabulu a ƙofar ɗakin, a wanke hannun kowane yaro kafin a ba shi abinci. Wannan ko ni zan riƙa kawo sabulun.

Ba ni da ikon tilasta muku komai. Ba ni da kowa a majalisa, ban iya magana a taro ba, kun ga ma yadda ta ƙare da na gwada. Mahaifiyata za ta koma ƙauye ranar Lahadi bayan sujada, saboda ciyawa ba ta jiran kowa a gonar citta. Zan zauna in saurari sanarwa. Idan na ji an faɗi wani abu, Didam zai zo gidan reno ranar Litinin. Idan ban ji ba, zan raka su tasha.

Na riga na fara shiri, don ban sa rai sosai ba. Jiya da yamma na zaunar da mahaifiyar tawa a tsakar gida ina koya mata alamun da likita ya koya mini. Na nuna mata yadda za ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba, da yadda za ta buɗe tafin hannunsa a cikin haske. Na ce idan ta ga ja-ja ne, lafiya, idan ta ga ya yi fari kada ta tsaya dafa ganye, kada ta jira gari ya waye, ta nemi mashin ko ta halin ƙaƙa. Ta riƙe hannun yaron ta kai shi kusa da fuskarta, ta juya shi, ta matsa wajen hasken rana ta sake dubawa. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce mini da yarenmu, a hankali don kada ya ji, yanar ido ta kama ta tun bara, ja da fari duk ɗaya take ganinsu.

Wannan ita ce wadda zan miƙa wa ɗana ranar Lahadi idan kuka yi shiru.

Ubangiji ya ba ku hikima, ya tsare 'ya'yanku da jikokinku daga abin da idona ya gani, kada ya sa waninku ya taɓa tsayawa inda nake tsaye. Ya albarkaci Mama Saratu da hannuwanta, ya sāka wa ɗan'uwan da ya ba da jininsa. Salamar Almasihu ta zauna tare da ku duka.

Wassalam.

Taku cikin Ubangiji,
Rifkatu, Maman Didam